Izinin Shiga Daji: Daga Ƙauran Namoda Zuwa Zurmi

A Ƙauran Namoda dogo ya tuƙe. Layin da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, nan ya ja birki a 1929, bai ƙara ko taku ɗaya zuwa Shinkafi ko Sakkwato ba. Gyaɗa da auduga da ƙiraga Turawa suke nema, daga nan zuwa arewa kuwa jaki da raƙumi ke kawo musu kayan har bakin tarago. Da hantsi na sauka garin daga Gusau, a ƙarshen kaka, iska ta fara bushewa. Kafin in nemi masauki na ce wa ɗan kabu-kabu ya kai ni tashar jirgi. Ya waiwayo ya dube ni, ya ce, "Malam, jirgi dai babu." Na ce na sani, tashar nake son gani.

Awaki na tarar suna kiwo tsakanin ƙarafan dogo, ga tsofaffin ɗakunan ajiya kwanonsu ya yi ja don tsatsa. Inuwar wurin ta dogon yaro ce, itacen ƙasar Indiya da aka kawo a zamanin Turawa aka jera a bariki da bakin tituna. Garin ya girme wa dogo da fiye da shekara 100, sunan Muhammadu Namoda yake amsawa, jarumin Alibawa na zamanin jihadi. Amma tun da jirgi ya iso, fuskarsa ta juya kudu wajen teku, ƙasar da ke bayansa kuwa ta zama wurin ɗebo kaya.

Wata muhawara da ake yi a Ingila da Amurka ce ta sa na ɗauki jaka. A can ana tambayar abin da ya hana baƙar fata sakin jiki a dazuzzuka da wuraren shan iska. A watan Mayun 2020 wata Baturiya ta kira wa wani baƙar fata 'yan sanda a lambun Central Park na New York, mutumin da kallon tsuntsaye ya kai shi wurin, don kawai ya ce ta ɗaure karenta. Masu muhawarar kan koma baya su tuna cewa gandun Yellowstone da aka keɓe a 1872 sai da aka kawar da 'yan asalin ƙasar daga cikinsa, haka aka tashi Masai daga Serengeti a 1959. Na so in ga kamannin tambayar nan a gida, inda ba mai zuwa daji don nishaɗi. Mutumin Zurmi itacen girki ke kai shi, da gamba ta saƙar zana, da shuci na jinka, da sassaƙen magani, da zuma, da ɗinya da taura da kanya, da ciyawar dabba. In an rufe masa daji, tukunya ce ta sauka daga murhu.

Nan Arewa Turawa ba su ƙwace gonaki sun zauna a kai ba, yadda suka yi a Kenya da Rodeshiya, shi ya sa wasu ke cewa wariyar launin fata ba ta taɓa mu ba. Ta taɓa mu, da alƙalami ta zo. Bayan faɗuwar Sakkwato a Maris 1903, wanda ya gaji Lugga a kujerar mulkin Arewa, Percy Girouard, injiniyan dogo ne, kuma shi ya tayar da maganar mallakar ƙasa. Dokar 1910 ta biyo baya, ta ce ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Zance mai daɗin ji. Sai dai daga ranar, duk dajin da ba a sa masa garma ba ya zama abin da wani a Zungeru, daga baya a Kaduna, zai shata wa iyaka bai taɓa taka shi ba. A 1916 aka yi dokar gandun daji da ta kare namun daji. A 1917 aka yi dokar birane, aka tabbatar da ƙa'idar barin fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da gidajen baƙar fata, wai don sauro da cuta. A garuruwa da dama filin nan ne ya zama wurin sukuwa da ƙwallon dawaki. Inuwa da iska da koren ciyawa suka koma na fata ɗaya, baƙi ba ya kwana can sai kuku da boyi da mai gadi.

Farauta ma an raba mata aji. Yarjejeniyar da ƙasashen mulkin mallaka suka ƙulla a Landan a 1933 ta nemi a hana kewaye dabba da wuta, da farauta da dafi, da rami, da raga, da tarko. Duba jerin da kyau, kusan duka makaman maharbinmu ne. Bature mai bindiga da lasisi a aljihu ɗan wasa ne, mai kibiya da dafi kuwa mabarnaci.

A bakin kasuwar Ƙaura na zauna da wani tsohon maharbi, wanda yanzu sassaƙe da saiwoyi yake kasawa a kan buhu. Na ce, "Baba, a da wa ke ba ku izinin shiga daji?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ɗana, mu ba mu san takarda ba. Sarkin baka shi ka faɗin ranar hita, shi ka faɗin inda ba a taɓawa. Da anka kawo malaman daji, sai gatari ya koma abin ɓoyo." Ya ce da ƙuruciyarsa, a ƙarshen zamanin En'e, mutum kan sare reshen itacen da ke tsakiyar gonarsa, washegari ya ga malamin daji a ƙofar gida. Ko tara, ko kaza. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin Baturen daji da idonsa. Ya girgiza kai. Wanda ya sani ɗan garinsu ne, mai gajeren wando da hular En'e. Wannan shi ne gwanintar mulkin Ingilishi a ƙasar nan: Bature ya rubuta, ɗan ƙasa ya riƙe sanda, kuma in talaka zai yi Allah ya isa, wanda yake gani yake yi wa.

Ban ɗauki maganar tsohon a matsayin shaidar cewa kafin Turawa aljanna ake ciki ba. Sarakuna na da gandaye da bayi ke nomawa, jangali ya riga Bature zuwa, kuma dajin da ba shi da mai tsaro ya sha cinye ayari.

Hanyar Shinkafi ba a kama ta da son rai. Motoci kan taru, a jira rakiyar sojoji, sannan a tashi a jere, kowane direba na bin ƙurar na gabansa. A cikin motarmu ba wanda ya yi barci. Bayan Moriki na lura da abin da ya tsaya mini a rai: gonakin da ke bakin kwalta an girbe su tas, karan dawa a tattare, amma in ka miƙa ido can ciki, inda ƙasar ta fi kyau, sabara da geza sun rufe kunyoyi. Wata dattijuwa da ke gefena ta ga ina leƙe, ta ce, "Ɗan nan, gonaki na, masu su na nan da rai." Ba ta ƙara ba, ni ma ban ja zancen ba. A motar haya ta hanyar nan ba ka san da wa kake zaune ba.

Ƙasar Shinkafi ƙasar fadama ce, tana shan ruwan Gagare da Bunsuru. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya bi ta nan a 1853 daga Katsina zuwa wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ya ratsa Zurmi, ya yada zango a Badarawa, ya yaba kasuwarta da audugar ƙasar, sannan ya shiga dajin Gundumi, wanda ayari kan ƙetare ba tsayawa don ƙishirwa da tsoron harin Gobirawa. Kafin shi wani Baturen, Clapperton, ya bi ta Zurmi a 1824. Abin da kan ba ni dariya shi ne yadda littattafan makaranta ke kiransu masu gano ƙasa, alhali a tsakiyar ayarin fatake da 'yan rakiyar sarakuna suka yi tafiyar, wasu ke nuna musu rijiya, wasu ke faɗa musu sunan kowane itace. Sunan baƙon ya shiga taswira, na jagororin ya bi iska. Amma shekara 170 bayan Barth, ga ni a ƙasa ɗaya ina jiran rakiya kamar yadda ya jira.

Ranar Alhamis kasuwar Shinkafi ke ci, kuma an san ta har cikin Nijar saboda dabbobi da hatsi. Tana ci har yanzu, sai dai da ɗingishi. A Satumbar 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako a Zamfara, aka katse layukan waya, aka dakatar da safarar dabbobi. An buɗe daga baya, amma akwai abin da bai dawo ba. Na zaga kara ina neman Fulanin daji irin waɗanda na saba gani a kasuwannin ƙauye, masu sanda a kafaɗa, da matan da ke tallan nono. Ƙalilan na gani, su ma a takure. Wani dillali ya ce mini, cikin raɗa, "Wanda ka gani da kamar daji, in ya shigo gari sai Allah. Mu kuma in mun shiga daji sai Allah."

A nan tambayar Ingila da Amurka ta same ni da fuskar da ban so ba. Yau a arewacin Zamfara kamannin mutum, tsawon hancinsa, karin harshensa, irin rigarsa, su ke yanke inda zai taka. 'Yan sa-kai sun kashe Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba a kasuwanni da kan hanya. 'Yan bindiga, irin su Bello Turji da ke da sansani a dazuzzukan Shinkafi, sun ƙone ƙauyuka, sun sace mata da yara, sun kashe manoma a bakin aiki, kuma babu wani tsohon zalunci da zai wanke musu wannan. Amma rabuwar da ake kira ta Hausa da Fulani ba ta tsaya da ƙafarta ba in aka duba tarihi. Gidajen sarautar Ƙaura da Zurmi na Fulanin Alibawa ne, Hausa suke yi tun kaka da kakanni. Rabuwar gaskiya ta gari da daji ce, kuma littafin haraji na Turawa ya taimaka wurin kafa ta: manomi a shafin haraji, makiyayi a shafin jangali, ana ƙirga masa shanu kai da kai yana biya da kuɗi. Wanda duk shekara hukuma ke zuwa ƙirga dukiyarsa, ba ta gina masa makaranta ko asibiti ba, ya koyi cewa lafiyarsa tana cikin nisa da ita.

A bayan gari na ga mata da 'yan mata suna tsintar kara da busasshen kashin shanu, suna karya sabarar da ba ta kai gwiwa ba. Itacen kirki, marke da ƙirya, yana can inda ba sa iya zuwa. Miyar kuka, da tafasa, da 'ya'yan itacen da yaro kan ci a hanya ba da kuɗi ba, duk sun koma abin saye. A 2024 ƙungiyar likitocin MSF, wadda ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙananan hukumomin biyu, ta ce ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. A ƙasar fadama ke nan.

Daga Shinkafi na wuce Zurmi, wadda ke bakin gulbin Bunsuru, kuma ita ce ƙofar babban gandun da ya fi jan hankalina. Tun kafin 1920 Turawa suka shata gandun dajin Zamfara, fiye da murabba'in kilomita 2,000, yana maƙwabtaka da dajin Rugu na Katsina. Ba su tarar da shi fanko ba. Akwai garuruwa a ciki, Dumburum da Shamushalle da Tsabre da Aja, sai aka zagaye kowanne da layi, aka ce nan ne iyakar gonakinku. Tsarin shata gandu a lokacin shi ne jami'i ya rubuta haƙƙoƙin da ya amince da su, kamar tsintar busasshen itace ko ɗiban ciyawar jinka don amfanin gida, abin da bai shiga takarda ba ya faɗi. Ka tuna su wa ake tara wa jami'in: hakimi, dagaci, masu unguwa. Matar da ke tsinkar ganye ba ta zuwa, makiyayin da ya tafi cin rani ba ya nan. Mutanen garuruwan suka yi ta haihuwa, layin bai matsa ba.

Gaskiya guda dai, gandun ya tsare itatuwa. Ba don shi ba da tuni gatari da garma sun gama da wurin, kamar yadda suka gama da wasu. Bayan 'yancin kai, dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta buɗe hanyar mayar da irin waɗannan gandaye wuraren kiwo, kuma na ɗan lokaci abin ya zauna. Wata masaniya Bajamushiya, Irene Hoffmann, ta yi bincike a gandun, ta wallafa nazarinta a 2004 kan yadda ake samun ƙasa da ruwa a cikinsa. Zaman da aka sani a lokacin shi ne bayan girbi makiyayi ya sauka a gonar manomi, shanu su ci kara su bar taki, a ba shi hatsi, a sha rijiya ɗaya. Ana saɓani, ana zuwa gaban ardo da dagaci a sasanta. Mutanen da suka ga wannan zaman da idonsu suna nan, ba su ma tsufa sosai ba.

Abin da ya rusa shi ba Bature ba ne, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ikon da dokar 1910 ta ba Gwamnan Turawa, dokar ƙasa ta 1978 ta miƙa wa gwamnan jiha, ba a rage masa komai ba. Da aka ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996, siyasa ta dawo a 1999, sai gandu ya zama abin rabo. Rahoton ƙungiyar International Crisis Group na 2020 ya ambaci yadda aka share dazuzzuka da makiyaya a Kuyambana da wasu sassan Zurmi don noma, abin da ya tashi rugage masu daɗaɗɗen tarihi. Burtali ya toshe, mashaya ta koma lambu. Wanda ya samu manyan filayen kuwa ba ƙaramin manomin Tsabre ba ne, mai hanya ne a Gusau. Ƙaramin manomi da ƙaramin makiyayi aka bari suna cin wuyan juna a kan ragowar.

Yau Dumburum sunan da ake ji ne a labaran hare-haren jiragen yaƙi. Izinin shiga daji kuwa bai mutu ba, hannu ya sauya. Ƙauye kan haɗa kuɗi a kai wa 'yan bindiga kafin a yi shuka, a sake kaiwa kafin a girbe, wani wurin har a yi musu noma. Wani malamin makaranta da ya sauke ni a Zurmi ya ce kakansa ya ba malamin daji kaza, mahaifinsa ya ba jami'in gandun daji na jiha kuɗin goro, shi kuma yanzu yana cikin masu karo-karon kuɗin noma. Ita ma hukuma in ta tashi magani, daga talaka take farawa: a 2021 Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana motoci ɗauko itace daga daji. Ɗan bindiga bai rasa wuta ba.

Da hanyar nan lafiya take, da na bi ta na ɓulla Jibiya na shiga Maraɗi, don a can akwai abin gani. A 1934 wani farfesan gandun daji daga Edinbura, E. P. Stebbing, ya zagaya iyakar nan ya yi shelar cewa Sahara na tahowa, ya ɗora laifin a kan manomi da makiyayi. Hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa da ta bi iyakar a 1936 zuwa 1937 ba ta ga abin da ya gani ba, amma zargin ya zauna, har yau shi ake maimaitawa a taron dashen itace. A Nijar dokar Faransa ta 1935 ta sa itatuwa a hannun hukuma, manomi ya ga tsiron gawo a gonarsa ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, don kada ya girma ya jawo masa tara. Daga 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da manoman Maraɗi suka fara abin da ake kira sassabin zamani: a bar kututture ya yi toho, a rage rassan, a rena mafi ƙarfi. Abin ya kankama ne da manomi ya tabbata itacen nasa ne, ya sara ya sayar ba mai kama shi, kuma dokar gandun daji ta 2004 ta ƙarfafa hakan. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Mutanen can Hausawa ne da Fulani irin na Zurmi, ruwan samansu ma bai kai na Zurmi ba.

A Janairun 2024 Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa, dakarun tsaron al'umma na jiha, a Mayun 2025 kuma shugaban ƙasa ya amince a ɗauki dakarun tsaron daji masu makamai. Ba na musun ana bukatar ƙarfi, wanda ya kwana a Zurmi yana sauraren kowane motsi ba zai yi musu ba. Damuwata ranar da aka ƙwato dajin. In ba a zauna da garuruwan da ke cikinsa da rugagen da aka tasa ba, da mata a wurin, aka rubuta wa ke da burtali, wa ke da mashaya, wa ke da itace, to mai kaki zai gaji ɗan bindiga a bakin hanya, kuma wadda zai fara kamawa mai ɗaurin itace a ka ce. Takardun lardin Sakkwato na zamanin Turawa suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. A ɗauko su a karanta a dandalin Zurmi da Hausa da Fulatanci, mutane su ji abin da aka rubuta da sunansu, su faɗi abin da aka tsallake.

Direban da ya ɗauko ni daga Zurmi bai yarda da ni ba ko kaɗan. "Malam, ku 'yan boko kun cika son takarda. A kwashe bindigogi tukuna, in na iya kai fasinja Jibiya in dawo, sannan a yi zancen itace." Na ce ai rashin zancen itacen ne ya kawo bindigogin. Ya ce ƙanensa da aka sace bara ba burtali ya toshe ba, kabu-kabu yake yi. Muka yi ta ja har Dauran, inda ya tsaya ɗaukar wata mata da buhun gero, ya ce in matsa in ba ta wuri.